Ƙaramar rauta Makita RT0700C a aikin haɗa jitar lantarki

Duk wanda ya ji zan sassaƙa gangar jikin jita sai ya ce in sayi babbar rauta, wato injin sassaƙa rami da gefen katako, irin mai wat 2,000 da muke gyaran bakin ƙofa da ita. Na ƙi, na ɗauki ƙaramar Makita RT0700C, kuma har yau ita ke yi mini kusan dukan aikin.

Wat 710 ce, nauyinta bai kai kilo biyu ba, ana sauya gudunta daga juyi 10,000 zuwa 30,000 a minti. Ba ta fizga idan aka kunna ta, a hankali take tashi, abin da mai aiki da ƙaramin janareta zai yaba. Mai saye a kasuwar kayan gwanjo ya duba lamba da kyau: RT0701C ta Amurka ce, wuta mai ƙarfin volt 120 take sha, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce.

Inda ta burge ni shi ne ramin wuya, wato gurbin da wuyan jita ke zama a gangar jikinta. A tsarin jitar Telecaster na kamfanin Fender, wanda ake ɗaure wuyansa da sukuru huɗu, zurfin ramin kusan milimita 16 ne, faɗinsa wajen 56. Idan ya karkace ko kaɗan, tsirkiya za ta riƙa gudu daga gefen wuya; idan ya yi faɗi, wuyan ya dinga rawa. Irin wannan aiki natsuwa yake so, ba ƙarfi ba. Nakan fara kwashe yawancin katakon da injin huda, in manna samfurin ramin da na yanka a allon MDF (matsattsen garin katako) a sama, sannan in bi da baki, wato ƙarfen yankan rauta, mai boris da ke bin gefen samfurin, milimita uku-uku a kowane zagaye. Hannu ba ya gajiya, kuma ina jin duk abin da bakin ke yi a cikin madaci. Babbar rauta a nan kamar aski da gatari ce. Ramukan fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da siririyar hanyar ƙarfen da ke miƙar da wuya, duk haka suka fita sumul.

Amma a sayi wadda ta zo da gindin dannawa, wanda ke barin baki ya nutse kai tsaye cikin katako. Gindin da aka saba gani ƙarami ne, a kan rami mai faɗi yana iya tuntsurewa. Na yanka farantin roba mai kauri da ake gani ta cikinsa, na ɗaura a ƙasa, matsalar ta kau. Fitila ce ba ta da ita, sai na rataya ƙwan lantarki kusa da teburi.

Iyakarta tana bayyana wajen zagaye gangar jikin. Kaurin katakon ya kai milimita 44, makamar bakinta kuma ƙafa mai kaurin milimita 6 ko 8 take riƙewa, ba ta ɗaukar dogon baki mai ƙafar milimita 12. Dole a yi shi sau biyu: rabi daga sama, a juya katakon, a ƙarasa da baki mai boris a ƙasa. Yana yiwuwa, sai dai yana cin lokaci, kuma a wajen ƙahon jita, inda jijiyar katako ke juyawa, baki na iya ɓantare guntu idan an bar masa nama da yawa. A yanka da zarto har ya rage milimita ɗaya ko biyu kafin layi. Wanda zai riƙa yin jita don sayarwa, shi kam ya nemi babbar rauta ya kafa ta a ƙarƙashin teburi don wannan aiki kaɗai.

Abu ɗaya da masu shago ba sa faɗa: baki mai ƙafar milimita 6 daban yake da na kwatan inci, wanda 6.35 ne. Ido ba ya bambance su, amma na 6 a cikin makamar kwatan inci zai iya zamewa ana tsakiyar aiki. Na kuma gwada wasu bakuna masu arha marasa suna, borisinsu ya ƙafe ya ƙona mini gefen samfuri. Rarar kuɗin da ban kashe a babbar rauta ba, a bakuna masu kyau da abin toshe kunne na zuba ta, don kukanta a juyi 30,000 ba na wasa ba ne.