Shirin dogon hutu a ƙaramin ɗakin karatun unguwarmu

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba, lokacin da makarantun Kaduna suke dogon hutu, iyaye ba su da zaɓi mai yawa game da 'ya'yansu. Ko dai a biya kuɗin darasin hutu, wanda a mafi yawan wurare maimaicin abin da aka riga aka yi a aji ne, ko a kai yaro shagon tela ko garejin makanike, ko kuwa a bar shi yana gararamba a layi cikin taɓon damina. Ƙaramin ɗakin karatu na jama'a da ke unguwarmu, a arewacin gari, ya shirya wa yara wani abu dabam, kuma tun da yaran gidana sun halarta a bana, na ga ya dace in bayyana wa sauran iyaye abin da za su tarar.

Wurin ba shi da girma. Zaure ne guda mai kantocin katako a jikin bango, da tebura da bencina, sai ƙaramin ofis da baranda inda ake shimfiɗa wa ƙanana tabarmi. Ana buɗe shirin da hantsi a tashi kafin azahar, daga Litinin zuwa Alhamis, abin da ya yi daidai da tsarin aikin kwana huɗu da gwamnatin jihar ta ɓullo da shi a watan Disamba na 2021. Kuɗin rajista kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na darasin hutu, kuma na lura ba a mayar da yaron da ya zo hannu rabbana.

Abin da ya fi komai daraja a shirin shi ne zaman karatu a bayyane, kuma a ganina shi kaɗai ya isa dalilin kai yaro. Ma'aikaciyar da ke kula da sashen yara, wadda kowa ke kira Malama, takan zauna a tsakiyarsu ta karanta shafi ɗaya ko biyu na labari, sai ta tsaya daidai inda hankalin kowa ya tattaru, ta miƙa littafin ga wanda ta ga ya fi ƙagara ya ji ƙarshe. Na ga wani yaro ɗan makarantar kuɗi, wanda Turanci ke zuba a bakinsa, ya karɓi littafin Hausa yana bin layi da yatsa, yana tuntuɓe a kan haruffa masu lanƙwasa har 'yan'uwansa suka fara ƙunshe dariya. Malama ba ta tsawata wa kowa ba, ba ta kuma karɓe littafin ba. Cewa ta yi, "Ɗana, sake faɗa kamar yadda kake faɗa wa Umma a gida." Ya sake, ya ji kalmar ta zauna daidai a kunnensa, ya ci gaba har ƙarshen shafin. Yara da yawa a Kaduna suna magana da Hausa tun daga wayewar gari har dare amma ba su taɓa karanta cikakken shafi da ita ba, domin makarantu masu zaman kansu da dama sun ajiye darasin a gefe, kuma ban san wani darasin hutu da ke ɗaukar wannan giɓi da muhimmanci ba.

Ranar Laraba wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya, yakan zo ya yi musu tatsuniya da kacici-kacici. A al'ada dai ba a yin tatsuniya da rana, kuma shi kansa Baba yakan faɗi haka yana dariya kafin ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yaran su amsa baki ɗaya. Bayan Gizo da Ƙoƙi sai ya gangaro kan tarihin garin: yadda aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, da yadda layin dogo ya jawo mutane daga kowane sashe na ƙasar nan suka zauna, wanda shi ya sa har yau za ka ji harsuna iri-iri a kasuwa ɗaya. Yaran da ke zaune gabansa ma haka suke a cakuɗe, wasu daga wannan gefen kogi wasu daga wancan, kuma duk wanda ya san Kaduna ya san ba ƙaramin abu ba ne a tara su a tabarma ɗaya. An kuma kai manyan cikinsu ziyara Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970, yanzu kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Iyaye ne suka haɗa kuɗin bas.

Darasin kwamfuta shi ne ya fi jan hankalin iyaye, shi ne kuma ya fi rauni. Dalilin sha'awar a fili yake, tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, kuma ɗalibin da bai taɓa riƙe linzami ba yana iya faɗuwa ko da ya san amsa. Sai dai na'urorin ba su da yawa, yara huɗu ko biyar ke yi wa guda ɗaya rumfa, kuma da zarar an ɗauke wuta darasi ya ƙare, domin babu sola babu janareta. Wanda burinsa ke nan kawai, gara ya nemi wata cibiyar.

Batun littattafai kuwa akwai abin faɗa. An jera su bisa tsarin Dewey, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1876, kuma Malama ta koya wa yaran cewa addini yana lamba 200, kimiyya 500, tarihi da labarin ƙasa 900, har takan aike su farautar littafi da lamba kawai, wasan da suke so ƙwarai. Amma mafi yawan abin da ke kan kantocin yara kyauta ce daga ƙasashen waje, masu kyawun takarda da hotuna, cike da dusar ƙanƙara da dabbobin da ɗan Kaduna bai taɓa gani ba. Ba laifi ba ne yaro ya san duniya, sai dai sashen Hausa bai cika kanta ɗaya ba, kuma yawancinsa tsofaffin bugun NNPC ne, wato kamfanin ɗab'in littattafai na Arewa da ke Zariya, da bangonsu ya yage aka liƙe da gam. Abin takaici ne a ce Zariya, inda Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933 da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, tana nan kusa da mu, amma yara su riƙa layi a kan kwafi ɗaya.

Akwai ƙananan matsaloli da ya kamata a sani tun da wuri. Rufin baranda yana yoyo, kuma a watan Agusta da ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya, dole a cusa kowa cikin zaure har numfashi ya yi wuya. Lokacin shirin yana karo da Islamiyyoyin da ke komawa karatun safe a lokacin hutu. 'Yan mata masu tasowa suna raguwa yayin da makonni ke tafiya, saboda aikin gida da talla. Sanarwa ma ba ta wuce takardar da aka manna a ƙofa da saƙon da ke yawo a WhatsApp, don haka mai son gurbi ya leƙa tun kafin a rufe makarantu.

Abin da ya fi damuna shi ne ba a ba yara aron littafi su tafi da shi gida, alhali yaron da aka tsayar masa da labari a tsakiya ranar Alhamis sai ya jira har Litinin. Da na yi wa Malama magana, ta ce, "Alhaji, wanda ya fita ba ya dawowa, kuma ba mu da na musanya." Uzurinta karɓaɓɓe ne, amma akwai mafita mai sauƙi: a buɗe katin aro da sa hannun uba ko uwa da shaidar mai unguwa, littafi ɗaya na mako ɗaya, a fara da waɗanda ake da kwafi fiye da ɗaya. Iyayen da muka tattauna da su sun amince su haɗa kuɗi a sayo sababbin littattafan Hausa kafin hutun Disamba, da sharaɗin za a gwada wannan tsari.