Mai adashin kullum da na biya bashin haya ta hannunsa

Wata biyar na yi ina zubi wurin wani mai adashin kullum da ke zagaye daga Tudun Wada har unguwarmu, kuma da abin da na tara a hannunsa na biya bashin hayar shekara biyu. Mata sun yi ta tambayata ko su shiga, shi ya sa na ga gara in faɗi yadda na same shi, daɗi da rashin daɗi. Ba zan kama sunansa ba.

Gidan da muke ciki na gwamnati ne, ɗaki biyu da falo, irin waɗanda ake kira lokos. Maigidana ke biyan hayar, naira 60,000 a shekara, har Allah ya karɓi ransa a farkon 2023. Ina fita takaba sai ga cire tallafin mai. Ranar 29 ga Mayu Tinubu ya faɗa wurin rantsuwa, kafin mako ya zagayo litar da ake saye ƙasa da 200 ta haura 500. Ni ɗinki nake yi a gida, kuma mai neman kwanon masara ba ya kai atamfa wurin tela. Na ce sai baɗi, baɗi ta zo na ce sai bayan Sallah. Bayan Babbar Sallar 2025 na tarar da takarda manne a ƙofa: 120,000, ko in biya ko in tashi.

A ofishin da ke kula da gidajen wani dattijo ya saurare ni, Allah ya saka masa. Ya ce, "Hajiya, rubuta takarda ki sa hannu, kashi huɗu za ki biya, 30,000 duk ƙarshen wata. Kuma kada ki ba kowa kuɗi a hannu, ko ni. Banki za ki kai, ki kawo rasit." Tun zamanin El-Rufai aka hana karɓar kuɗin gwamnatin Kaduna hannu da hannu, amma ni sai ranar na sani.

Babban ɗana ya ce a ci bashin waya. Na ƙi. Ga kuɗin ruwa, ga kuma abin da na gani ya samu maƙwabciyata, da ta yi lattin biya aka bi lambobin wayarta ana aika wa har surukanta saƙo cewa ta ci kuɗin mutane.

Tsarin mai adashin kuwa ba shi da wuya. Kati yake bayarwa mai gida 31. Ke za ki yanka abin da za ki iya, ni na yanka 1,000. Gidan farko nasa ne, ladan aikinsa, sauran talatin naki, wato 30,000 cif, daidai abin da ofis ke jira. Na tambayi malamin islamiyyarmu, ya ce ladan ajiya ne da yawo, ba riba ba ce.

Bayan la'asar yake zuwa a kan tsohon babur, jakar fata a kafaɗa, jan biro a bayan kunne. Ba ya shiga gida. Daga zaure zai yi sallama: "Hajiya, an samu na yau?" Ya karɓa, ya ƙirga a gabanki, ya ja layi a katinki, ya ja a littafinsa. Wannan sallamar ita ce duk abin da nake biya wa dubu ɗaya a wata, kuma ta cancanta. Ina da OPay a waya, na sha cewa zan riƙa tarawa a ciki, amma kuɗin da yake hannunki yaro na cewa babu sabulu an gama. Da na san mutum zai tsaya a zaure da la'asar, kuɗin ɗinkin farko da ya shigo sai in jefa a gwangwanin maɓallai in rufe, kafin in yi tunanin cefane. Ranar da babu, bai taɓa ɗaga murya ba. "Allah ya hore, gobe kya haɗa biyu," sai ya tada babur. Ga macen da maƙwabta suka riga suka ga takarda a ƙofarta, wannan rufin asirin ba ƙaramin abu ba ne.

Sai abin da bai yi mini ba. Gidan farkon nan na ladansa yana nan ko kin cika kati ko ba ki cika ba. Wadda ta yi zubi goma kawai ta tsaya, ɗaya cikin goman ya tafi. A wata na uku kuma ya yi lattin kwana huɗu wajen ba ni kuɗina, wai kuɗin sun maƙale a banki. Ranar biyana ta wuce, kwana huɗun nan ban runtsa ba, sai da na koma ofis na ba dattijon haƙuri. Bai kira ni ya sanar da ni ba, ni na yi ta nemansa, kuma wannan har yau yana raina.

Cikin marka ruwa ya shigo ta taga ya jiƙa katin, jan biron ya narke. Littafinsa ya nuna na yi fashin kwana biyu, ni na san ban yi ba. Allah ya sa 'yata tana ɗaukar hoton katin duk Juma'a, da ya gani ya gyara ba gardama. Duk mai shiga ta riƙa ɗaukar hoton nan. Ta kuma sani babu abin da ke tsaye bayan kuɗinta sai amanar mutumin. Kuɗin banki hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin ajiya a bankuna, na lamunce su, tun 2024 har miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. Na jakar mai adashi, in ya ɓace ko ya mutu, sai dai a bi danginsa. Shi ya sa na je na ga gidansu a cikin birni kafin in fara, kuma ban taɓa barin kuɗin wata biyu su haɗu a hannunsa ba.

Rasit huɗu suna cikin leda a ƙasan akwatina, kowanne da kwafinsa a fayil ɗin ofis. Kwasar wata na biyar na kai rabin hayar 2025. Na karɓi sabon kati, wannan karon na yanka 500.