Katangar gado mai naɗewa: yadda muka kwashe da ita a ɗakin Hajiya

Duk wanda ya taɓa kwana gado ɗaya da Abba ya san ba barci yaron nan yake yi ba, noma yake yi. Ki kwantar da shi kansa na gabas, kafin sha biyun dare ƙafarsa ce a bakinki, da asuba kuwa sai kin laluba kafin ki gano inda ya nufa. A gidanmu na Kaduna wannan bai taɓa damuna ba, don katifarsa a ƙasa take, in ya mirgino iyakarsa kafet. Matsalar tana Zariya, gidan kakanninsa na wajen uba.

A can ba ni da ta cewa kan inda zai kwana. Sunan Alhaji ya ci, shi ya sa ma ake ce masa Abba, kuma a hannun Hajiya aka yaye shi. Muna sauka daga mota za ta ce, "Ina angon nawa? Yau dai a ɗakina za ka kwana, ko ka kawo cefane ko ba ka kawo ba." Shi ke nan an gama magana. Gadon Hajiya kuwa irin na da ne, na ƙarfe mai rumfa, wanda ta ce da shi aka kawo ta gidan. Katifa biyu ce a kai, ta auduga a ƙasa, ta soso a sama, tsayinsa ya kusa kai min ƙugu. Ƙasan ɗakin siminti ne da leda.

Da Ƙaramar Sallar 2025, ƙarshen watan Maris, abin da nake tsoro ya faru. Hajiya ta tashi alwalar asuba, ta jera masa filo biyu a bakin gado kamar yadda ta saba, shi kuwa ya turo filon da kansa suka sauko tare. Daga ɗakin da nake na ji tim, sannan shiru na ɗan lokaci, sannan ihu. Wannan shirun har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ƙulu ne ya fito masa a goshi, Allah ya taƙaita. Na kira ƙanwata da ke aikin jinya, ta ce in sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu: in ya yi ta amai, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya yi wuya, ko ya yi jijjiga, ko ruwa ko jini ya fito ta kunne ko hanci, kada in tsaya shawara da kowa, asibiti kawai. Babu ko ɗaya da ya faru. Kafin hantsi yana tsakar gida yana bin kaji. Amma ni na ƙudurta ba za mu koma Babbar Sallah hannu rabbana ba.

A Instagram na ga abin, wajen wata mai sayar da kayan yara. Ƙarafa ne marasa nauyi da ake harhaɗawa su ba da katanga, a sa musu rigar raga, tsawonta santimita 150. Tana da ƙafafu biyu masu lanƙwasa da ake turawa ƙarƙashin katifa, da maɗauri dogo da ke bi ta ƙarƙashin katifar ya je ya kama ɗaya gefen. Akwai maɓalli a kowane ɓangare, in kin danna su tare sai katangar ta kwanta ƙasa, ki ɗauki yaro ko ki gyara shimfiɗa, in kin ɗago ta kuma ta kulle da kanta. Kuɗin da na biya har da na kawowa ya isa cefanen sati guda a gidana, don haka ba abin da za a saya don gwaji ba ne.

Haɗawar ba ta ba ni wuya ba. Takardar bayanin zane ne kusan duka, ban nemi makaniki ko sukudireba ba, cikin minti ashirin na gama. Na fara gwada ta a gadonmu, mai shimfiɗar katako da katifa inci goma mai nauyi. Nan kam ta zauna daram. Na jingina da ita da ƙarfina, ta ɗan motsa ta dawo. Na tura hannu tsakaninta da katifa, da ƙyar yatsuna suka shiga. Abba ya kwana uku a bayanta, yana zuwa ya bangaje ta cikin barci ya koma. Ragar tana barin iska ta wuce, kuma ina hango shi ta cikinta daga bakin ƙofa. Na ce to, kuɗina bai tafi a banza ba.

Abu biyu na karanta kafin tafiya da suka tsaya min a rai. Takardar da ta zo da ita ta ce daga wata 18 zuwa shekara 5. Amma hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka, wadda ta kafa doka kan irin wannan katanga tun 2012, cewa take yi daga shekara 2 zuwa 5, kuma sai yaron da zai iya hawa gadon manya ya sauka da kansa. Dalilinsu shi ne abin da ban taɓa kawowa a raina ba: haɗarin katangar ba faɗowa ba ne, maƙalewa ne. In aka samu rata tsakaninta da katifa, yaro yana iya zurmawa ciki, jikinsa ya wuce kansa ya tsaya, ko fuskarsa ta danne a jikin katifa, kuma ba lalle a ji motsinsa ba. Wanda ya faɗo ƙasa aƙalla zai yi kuka. Don haka ne ma ake cewa a bar tazarar inci 9 tsakanin ƙarshen katangar da kan gado, haka ma ta wajen ƙafa, don kada a samu ɗan lungun da wuya zai shige ya kasa fita. Abba ya haura shekara 2 da wata huɗu a lokacin, don haka ta fuskar shekaru ba mu da matsala. Mai jariri ko ɗan rarrafe dai, wannan ba kayanki ba ne ko kaɗan.

Mun isa Zariya ranar jajibiri, Alhamis 5 ga Yuni. Ko a mota ta fara nuna halinta: ana kiranta mai naɗewa, amma kwanciya kawai take yi, ba ta taƙaita. In ba ki warware ƙarafan ɗaya bayan ɗaya ba, tsawon nan na santimita 150 yana nan, ga jakunkuna ga kayan miya. Baban Abba ya yi ta juya ta a but yana tsaki, ƙarshe a bayan kujera ta yi tafiyar.

Sai babban aikin, wanda babu shi a takardar bayani: yadda zan shiga ɗakin surukata da ƙarafa in ce zan gyara mata gado. Matar da ta haifi tara ta raini jikoki ban san adadinsu ba. Ban iya ba. Autarsu na samu a kicin na yi mata bayani, ita ta ɗauka ta shiga da ita tana dariya, ni ina biye kamar ban san zancen ba. Hajiya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wannan kuma kejin na mene ne? Angon nawa za ku kulle?" Na durƙusa na ce, "Hajiya, saboda birgimarsa ne, kada ya riƙa hana ki barci." Ta ce, "Uhm. Ku sa mu gani." Na san ta gane, ita ma faɗuwar nan ta taɓa ta, kwana biyu tana shafa masa goshi tana salati. Kara ce kawai ta yi min, ni ma na yi mata.

To a nan katangar ta ba ni kunya. Gadon Hajiya ba shi da katako a ƙasa, ragar waya ce, kuma shekaru sun sa ta lotsa a tsakiya kamar kwarya. Ƙafafun katangar suna son wuri mai faɗi da tauri su kwanta, nauyin katifa ya danne su. Da muka tura su ƙarƙashin katifar auduga, sai suka bi lotsawar, katangar ta karkata, kuma katifa biyu suka cinye tsayinta, abin da ya rage a sama bai fi tafin hannu ba. Muka cire muka sa tsakanin katifun biyu. Tsayi ya samu, amma katifar soson ta tsufa, ba ta da nauyi, gefenta ya yi laushi. Na ja maɗaurin iya ƙarfina. Da na danna bakin katifar da gwiwar hannu, kamar yadda jikin yaro zai danna, sai ga rami ya buɗe wanda dunƙulen hannuna ya shige har wuyan hannu ba tare da na matsa ba. Na tsaya ina kallon ramin nan. A ido, gadon ya fi da kyau da tsaro. Wanda bai danna ba zai ce an gama.

Ga kuma gidan sauro. Damina ta fara, sauron cikin birni kuwa ba a ba shi labari. Hajiya tana da mai magani irin wanda ake rabawa, a rumfar gadon take ɗaure shi ta cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Da katanga a wurin, ko dai a sako shi ta cikinta ya taru a fuskar yaro, ko ta bayanta ya kasa cusuwa a inda ƙafafun suke, ya bar ƙofa biyu. Wanda ya ƙera abin nan bai yi tunanin ɗakin da ake kwana cikin gidan sauro ba. Ko a gadonmu na Kaduna da na dawo na lura sai na yi dabara da abin matse shanya kafin bakin ya rufu.

Na ce wa auta mu cire. Hajiya tana zaune a kan sallaya tana jan carbi, ba ta ce komai ba sai da muka gama. Sannan ta ce, "Ku sauko min da ta soson ƙasa. Ni ma gwiwar nan ta gaji da hawan dutse." Ko da gaske gwiwar ce, ko don ta sauƙaƙa min ne, ban tambaya ba.

Haka aka yi. Muka share gefen ɗakin, muka shimfiɗa tabarma, muka ɗora katifar, muka janye ta daga bango sosai yadda ko ya gangara ta can ba zai matse ba, don ratar bango da katifa ita ma irin wancan ramin ce. Aka buga ƙusa aka ɗaure gidan sauron, na tattare ragowar igiyoyin na ƙulle su can sama inda hannunsa ba zai kai ba. Da yake yanzu a ƙasa yake, komai na ɗakin ya zo daidai hannunsa, sai na bi da rarrafe ina duba abin da zai gani. A nan na tsinci abin da ya fi gadon ba ni tsoro: maganin hawan jinin Hajiya a cikin wani ɗan kwano a ƙarƙashin gado, tare da goro da kwalli da allurar ɗinki a jikin zare. Ga wayar caji tana lilo daga soket. Auta ta kwashe su ta sa a saman kabad. Maganin sauro mai hayaƙi da ake kunnawa a bakin ƙofa ma na roƙa a bar shi a waje, tunda ga raga. Kwana huɗu muka yi. Kullum da safe a kan tabarma ake tsintar rabin jikinsa, ya tura gidan sauron da ƙafa, yana ta barcinsa.

Kada in zalunci katangar, ta yi rana a wani wurin. Bayan sati biyu mun je wajen Mamata a Unguwar Rimi, ita gadonta na katako ne da katifa guda mai kauri da tauri. Nan ta zauna kamar a gidanmu, na danna ko'ina babu rami, Mama har tana cewa in bar mata ita saboda sauran jikoki. Abin da na lura da shi a can shi ne maɓallan suna ƙara in za a kwantar da ita, ƙarar da ta isa ta tashi yaro mai saurin farkawa, kuma rigar ragar tana kama datti, ga cire ta don wanki sai an kwance rabin ƙarafan. Sannan Abba ya gano ana iya taka ta. Ranar da na gan shi da rana ya ɗora ƙafa ɗaya a sama yana shirin haurawa, na gane kwananta a wajenmu ya kusa ƙarewa, don wanda ya faɗo daga saman katanga ya fi wanda ya faɗo daga katifa nisa da ƙasa.

Mai niyyar saya, ga abin da zan ce mata. Kafin ki tura kuɗi, ki sa wani a gidan da za ku je ya ɗaga katifar ya ɗauko miki hoton abin da ke ƙarƙashinta, ya kuma auna kaurinta da tef ɗin tela. In katako ne shimfiɗe da katifa ɗaya mai nauyi, za ki ji daɗinta, zan ba ta maki bakwai cikin goma. In gadon ƙarfe ne mai waya, ko katifa biyu, ko soson da ya mutu, ki bar kuɗinki a jaka ki nemi tabarma. Kuma ko a wane gado ne, kada ki yarda da ido, ki danna bakin katifar da ƙarfi kowane dare kafin ki kwantar da shi, don maɗaurin yana saki a hankali.

Tamu tana Unguwar Rimi yanzu. A Zariya kuwa katifar ba ta koma kan gado ba har yau. Da muka je watan jiya na tarar Hajiya ta mai da gadon ƙarfen wajen ajiye akwatuna da bargunan sanyi, tana gaya wa maƙwabciyarta cewa angonta ne ya sauko da ita ƙasa, ko sisi bai ba ta ba.