Ajin Turanci na Dare a Ƙauyenmu da Darasin "Take"

Tun bayan girbin gero wani malamin firamare ya buɗe ajin Turanci a zauren gidansa, a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, ana zama bayan sallar isha'i kwana uku a mako. Na halarta wata biyu, kuma darasin da ya fi bayyana salonsa shi ne wanda ya yi a kan kalmar "take".

Ɗaliban, yawancinsu masu shirin jarrabawar kammala sakandare ta NECO, sun haddace cewa ma'anarta "ɗauka". Malam bai musa ba, sai dai ya nuna cewa da wannan kalma guda Bature yake shan magani, ya hau mota, ya zauna jarrabawa, har ya karɓi shawara. Da gunaguni ya yi yawa, sai ya ce mu fassara wa baƙo kalmar "ci": cin tuwo, cin kasuwa, cin bashi, cin amana. Zauren ya yi tsit. A ganina wannan ce baiwarsa, domin yana biyo da Turanci ta ƙofar Hausa.

Bayaninsa kan asalin kalmar ya fi burge ni. Ashe ba 'yar gida ba ce a Ingila. Aro ce daga "taka" ta tsohon harshen mutanen arewacin Turai, waɗanda mayaƙansu suka kama birnin Yok da ke arewacin Ingila a shekarar 866 suka zauna a yankin. Ya ja kunnenmu cewa ba ta da dangantaka da "taka" tamu ta ƙafa, kama ce kawai. Kafin zuwanta, Turawan Ingila na cewa "niman", 'yar'uwar "nehmen" ta Jamusanci, amma baƙuwar ta yi ta ture 'yar gida har zuwa wajen 1500, ba a bar mata komai ba sai ɓurɓushi irin "numb", wato gaɓar da ta sage kamar an kama ta.

Sai dai tarihin ya cinye lokacin atisaye. Mun tashi ana rikita "took" da "taken", wato yadda "take" ke sauyawa idan aikin ya wuce, alhali su mai gyaran takarda zai duba. Fitilar sola ɗaya ce, na baya ba sa ganin allo, kuma zaman dare ya hana 'yan mata zuwa. Kuɗin wata bai taka kara ya karya ba, don haka zan koma, amma na roƙi Malam ya ware daren Laraba domin rubutu zalla.