Barcin Rana na Jariri: Bin Agogo ko Bin Alamun Gajiya?

Kafin wata 4, agogo ba ya amfani sosai. Jikin jariri bai gama rarrabe dare da rana ba, kuma sabon haihuwa da wuya ya wuce awa ɗaya ido biyu. A nan bin alamu ya fi: hamma, murza ido, kau da kai daga mai yi masa wasa. Da kin gani, ki kwantar da shi rigingine. In kika bari har ya fashe da kuka, gajiya ta yi yawa, barcin zai yi wuyar zuwa kuma ya yi gajere.

Sai dai alamun kan ruɗar da uwa idan yaro ya fara wayo, don yakan yi hamma ba tare da barci a idonsa ba.

Daga wata 6 zuwa 9 agogo ya fi dacewa. Barci uku kan koma biyu: wanda ya tashi ƙarfe 7, a kwantar da shi wajen 9:30, sannan bayan azahar. Tsakanin wata 12 da 18 sai ya koma ɗaya. Kada barcin ya kai yamma liƙis, yana cinye na dare. Ranar zazzaɓi ko fitowar haƙori, ki ajiye agogon, ki koma bin alamu.