Hunger Games ko Divergent, wanne za ki fara?

'Yar uwa da kika tambaya wanne za ki fara karantawa tsakanin Hunger Games da Divergent, kuma wanne ne waƙoƙinsa suka fi shiga rai, to ni duka na karanta na kuma kalli finafinan, ga nawa ra'ayin, wanda bai yarda ba ya zo mu buga.

Daga nesa kamar Hassana da Usaina suke. Kowanne yarinya ce 'yar shekara 16, duniya ta lalace an sake tsara mutane, kuma asalinsu littafi uku-uku ne. Suzanne Collins mai Hunger Games ta fitar da nata na farko a 2008, Veronica Roth mai Divergent kuma 2011. Sai kin shiga ciki za ki ga ba uwarsu ɗaya ba.

Hunger Games yunwa ce da zalunci zalla. Ƙasar Panem gunduma 12 ce, duk shekara a ɗauki yaro da yarinya daga kowace, su 24 kenan, a zuba su fili su kashe juna ana nunawa a talbijin har sai saura ɗaya. Katniss, tauraruwar labarin, ita ta miƙa kanta a madadin ƙanwarta Prim. Abin da ya fi tsaya min a rai ma ba faɗan ba ne, tsarin ƙuri'ar ne, wato in gidanku babu abinci za ki iya karɓar hatsi da mai amma a ƙara jefa sunanki a kwano, kin ga ɗan talaka shi ke sayen mutuwarsa da tiyar hatsi. Ranar da na zo wurin nan an ɗauke wuta, ina kwance da waya caji saura kaɗan, sai da na kife ta a ƙirji na yi shiru.

Divergent kuma a Chicago ne, an raba jama'a gida biyar, masu sadaukarwa, jarumai, masana, masu gaskiya da masu son zaman lafiya, kina kai 16 ki yanki tafin hannu ki ɗiga jini a kwanon gidan da kika zaɓa. Littafi na farkon akwai daɗi wallahi, ga dirowa daga jirgin ƙasa yana gudu, ga soyayyar Tris, tauraruwar labarin, da mai horar da ita Four, kwana biyu na cinye shi. Na ukun ne ya gajiyar da ni, su biyun ke karɓa-karɓar ba da labari amma muryarsu iri ɗaya, sai na koma saman babi in duba wa ke magana. Fim ɗin ƙarshe ma ba a yi shi ba.

Zancen waƙa kuwa tazarar ta fi yawa. A Divergent fim ne ya liƙa wa labarin waƙa, Beating Heart ta Ellie Goulding ba laifi, amma ko an cire ta babu abin da zai ragu. A Hunger Games waƙar tana cikin littafin tun asali. The Hanging Tree wurin babanta Katniss ta koya tana ƙarama, mamarta ta hana su rerawa, da Jennifer Lawrence, wadda ta fito a matsayin Katniss, ta rera ta a fim ɗin 2014 ta fara ita kaɗai can ƙasa-ƙasa, sai ga muryoyin jama'a suna shigowa har ta zama waƙar tawaye, har yau tsigar jikina na tashi. Safe & Sound ta Taylor Swift da The Civil Wars kuma, wadda ta ci Grammy a 2013, ita nake sawa in barci ya ƙi zuwa.

Don haka ki fara da Hunger Games, ki bar Divergent sai kina son abu marar nauyi. Kuma don Allah ƙanwata kada ki leƙa YouTube neman waƙoƙin kafin ki gama Mockingjay, littafi na uku na Hunger Games, 'yan kwamen ba su da amana, duk wanda ya mutu sai sun faɗa miki.