Horon awa 200 ko amfilifaya: wanne ne zai buɗe muryar HD 600?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya.

Ka ce ka sayi hedfon Sennheiser HD 600 sabo fil, ka jona shi a waya, sai ka ji bai kai yadda ake zuzuta shi ba: murya ba ƙarfi, bes ya yi sanyi, ga shi yana matse maka kai. Wani ya ce ka sa shi a durowa ya yi ta shuuu har awa 200, abin da ake kira horo, zai saki jiki. Wani kuma ya ce amfilifaya ce maganin, kuma mai kwalba irin ta tsoffin rediyo. Kana so ka san wanne za ka bi. Bari in jera maka su biyun, domin ba ciwo ɗaya suke magani ba.

Maganar horo tana da tushe. A manyan sifiku, irin waɗanda ake ɗaurawa a wurin biki ko wa'azi, akwai roba a bakin takardar sifikar, akwai kuma wani yadi mai tauri a bayanta da ke riƙe koyil, wato naɗin siririyar wayar da ke motsa takardar. Idan sabbi ne suna da tauri, in suka sha aiki sai su ɗan saki, kuma na'ura tana iya auna wannan sakin. Daga nan mutane suka ɗauko hukuncin suka ɗora wa hedfon. Amma 'yar sifikar da ke cikin HD 600 faɗinta bai wuce santimita 4 da ɗan abu ba, leda ce siririya mai ɗauke da koyil mara nauyi, babu wancan yadin a bayanta, kuma motsin da take yi kaɗan ne ƙwarai. Abin da zai saki a jikinta bai taka kara ya karya ba.

An gwada, ba sau ɗaya ba. A 2011 Tyll Hertsens, wanda ya yi suna wajen awon hedfon, ya ɗauki sabon AKG Q701, irin wanda aka fi cewa ba ya daɗi sai ya sha horo, ya kunna shi awanni masu yawa yana aunawa. Ya ga canji, amma ɗan mitsitsi, wanda bai kai a ce ya mayar da hedfon wani abu dabam ba. Masu awo na shafin RTINGS, mai gwajin kayan lantarki, su ma sun kunna hedfon huɗu na tsawon awa 120, ba su samu canjin da kunne zai kama ba. Ka matsar da hedfon ɗin kaɗan a kanka, gaba ko baya, canjin da za ka samu ya fi wannan.

To me ya sa mutane masu gaskiya suke rantsuwa cewa nasu ya canza bayan wata guda? Saboda lallai akwai abin da ya canza, ba ƙarya suke yi ba. Wurin da suke nunawa ne ba nan ba ne.

Na farko soson kunne. Na HD 600 yadi ne mai laushi kamar karan-miski, da soso a ciki. Sabo yana tsaye ƙyam, yana nesanta sifikar da kunnenka. In ya sha zufa da nauyin kai sai ya kwanta, sifikar ta matso kusa, ɗakin iskar da ke tsakani ya ragu, sautin sama ya lafa, murya ta ƙara kauri. Nawa ya shekara biyu a kaina kafin in sake masa soso. Ranar da na ɓalle tsoffin na ajiye su gefen sabbin a kan tebur, tsohon ya lotsa ta wajen da yake zama a muƙamuƙi, har ya yi sheƙi saboda man fata. Da na ɗaura sabbin na kunna kiɗan gurmi da na haddace tun daga farko har ƙarshe, sai ga karcen yatsa a kan tsirkiya ya fito fili, abin da na daɗe ban ji ba. Sifikar ita ce dai ta jiya, soso kawai aka canza. Wannan canjin kuwa durowa ba ta kawo shi, sai kai da zufa.

Na biyu matsewar da kake kuka da ita. HD 600 sananne ne da damƙar kai idan sabo ne, kuma yana sassautawa da sawa. In ka ƙosa, ka jera littattafai daidai faɗin kanka ka ɗora shi a kai ya kwana. Kada ka lanƙwasa robar saman da hannu, tana iya tsagewa. Ƙarfen da ke zugewa a gefe shi ne mai jure ɗan lanƙwasa.

Na uku kunnenka. Wanda ya saba da iyafis mai bes kamar ana daka, ranar farko HD 600 zai yi masa kamar miya ba gishiri. Bayan mako biyu, in ya koma wa tsohon nasa, sai ya ji bes ɗin ya danne komai. An yi HD 600 tun 1997 don ya faɗi sauti yadda aka naɗe shi, musamman muryar mutum, shi ya sa har yau masu aikin situdiyo ba su sake shi ba. Bayansa a buɗe yake, kuma can ƙasan bes ba ya zurfi sosai. Haka aka gina shi, ko awa dubu ya yi a durowa ba zai zama wani ba.

Saboda haka a ganina horo ba shi da laifi, ba shi kuma da ladan da ake ba shi. Abu guda da zan hana ka: kada ka ƙure masa murya ka tafi ka bar shi, domin koyil ɗin siriri ne, zafi yana ƙona shi.

Amfilifaya kuwa maganarta dabam ce, don ita lissafi ne da za ka iya yi a bayan takarda. HD 600 turjiyarsa, wato yadda yake tare wutar da ke ratsa shi, om 300 ce. Yawancin iyafis da hedfon na waya suna tsakanin 16 da 40. Mai turjiya da yawa ba ya jan wuta sosai, amma yana son a tura masa boltej mai ƙarfi. 'Yar igiyar Apple mai bakin USB-C da ake jona hedfon a waya da ita, wadda ake sayarwa a Amurka, tana ba da bolt 1, ta Turai kuwa rabin haka. Bolt 1 a kan om 300 miliwat 3 ne da ɗan kai. Ga waƙoƙin zamani da aka matse su suka zama da ƙara tun daga situdiyo, wannan yana iya isa. Amma ka sa naɗin da aka bar masa numfashinsa, inda mawaƙi zai yi ƙasa da murya sannan kalangu ya faɗo gaba ɗaya, nan za ka ga ka kai maɓallin ƙarshe kana neman ƙari babu. Don irin wannan faɗowar kana buƙatar bolt 2 zuwa 3 a ajiye. Rashin ƙarfin da ka ji, mafi yawansa daga nan yake. Kuma kunnen ɗan Adam ba ya jin bes sosai idan murya ta yi ƙasa, don haka sanyin bes ɗin ma yana da hannun wayar a ciki.

Yanzu ga amfilifayoyin biyu gefe da gefe. Zan ɗauki JDS Labs Atom a madadin masu tiransista, Bottlehead Crack kuma a madadin masu kwalba, don su ne aka fi haɗawa da wannan hedfon.

Atom ta fito a 2018 a kan dala 99, 'yar ƙarama ce da za ta zauna a tafin hannu. Tana iya tura wajen bolt 8, ninkin abin da HD 600 zai taɓa nema. Turjiyar bakin fitarta ba ta kai om 1 ba. Ba ta ƙara komai, ba ta rage komai, abin da ya shiga shi ke fita da ƙarfinsa. Schiit Magni da Topping L30 duk 'yan gida ɗaya ne da ita a wannan hali. Idan gobe ka sayi hedfon mai om 32, ko irin su Hifiman Sundara masu shan wuta da yawa, za ta ɗauke su ba gardama.

Crack kuwa a wargaje take zuwa, kai za ka haɗa ta da dalma. Kwalabe biyu gare ta irin na tsoffin rediyo, 12AU7 ƙarama a gaba, 6080 babba a baya, kuma babu tiransifoma a bakin fitarta. Turjiyar wannan bakin kusan om 120 ce, kuma a nan sirrin daɗinta yake. Om 300 da aka rubuta a kwalin HD 600 ba a ko'ina take 300 ba. A wajen sautin da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, wato tsakiyar bes, tana haura 500. Amfilifaya da hedfon suna raba boltej ne gwargwadon turjiyar kowannensu. A inda hedfon yake 300, rabonsa kusan kashi 71 cikin ɗari ne. A inda ya haura 500, rabonsa ya wuce kashi 80. Wato bes yana samun ƙarin desibel 1 da ɗan abu a kan sauran sauti. Ƙara da ɗan kaurin da kwalba ke sa wa murya, shi ne ɗumin da masoyanta ke yabo. Gaskiya yana da daɗi. Na saurari muryar mai karatu ta cikin irin wannan haɗin a gidan wani abokina, sai ka ce mutumin yana zaune a tabarma ɗaya da kai. Ba na raina wanda ya zaɓe ta. Sai dai ya kamata mutum ya san cewa ado ne aka ƙara wa sautin.

Masu harkar suna da ƙa'ida: turjiyar amfilifaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedfon, in ana son sauti ya fita yadda yake. Ga om 300, iyakar ita ce 37 da rabi. Atom tana can ƙasa da iyakar, Crack ta tsallake ta da gangan. Ba baƙon abu ba ne, don a 1996 ma'aunin IEC, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki, om 120 ɗin ya tsayar wa bakin hedfon, sai daga baya da ƙananan na'urorin aljihu suka cika kasuwa aka koma ga ƙaramar turjiya. Amma ka jona wa Crack hedfon mai om 32, kusan kashi huɗu cikin biyar na boltej ɗin a cikinta zai tsaya, bes ya kwance, murya ta dushe. Ita matar miji ɗaya ce, sai masu turjiya da yawa: HD 600, HD 650, Beyerdynamic masu om 250 ko 600, nan ta tsaya.

Akwai kuma abin da mu ya shafe mu fiye da wanda ke zaune a Jamus. Kwalbar 6080 zafi take yi sosai, ba a taɓa ta in tana aiki, kuma a watan Afrilu za ka san da ita a ɗaki. Kwalba ba ta son a yi ta kashewa ana kunnawa, ga wutarmu kuwa ka san halinta. Cikin akwatin akwai boltej mai kisa ko bayan an zare ta daga soket, don haka wanda bai saba da dalma da mita ba kada ya fara koyo a kanta. Masu tiransistar ma suna da nasu tarkon. Atom da Magni da adaftar AC suke zuwa, wadda aka yi don wutar ƙasa guda. Ta Amurka ta bolt 120 ce, mu kuwa daga Najeriya har Nijar da Ghana 220 zuwa 230 muke. In za ka yi oda ko ka ba wani saƙo, ka tabbata ta 230 aka ɗauko, kuma cajar laftof ba ta maye gurbinta. Kowacce ka saya, kada ka jona ta kai tsaye a janareta ba tare da istabilaiza ba.

In ni ne kai, mai tiransista zan fara saya, in haɗa ta da ƙaramin DAC mai ba da bolt 2, wato na'urar da ke juya lambobin waya ko kwamfuta su zama sauti. Da ita za ka san ainihin muryar HD 600. In bayan wata shida ka ji har yanzu kana son ƙarin ɗumi, ka fara ɗaga bes da desibel 2 a ikwalaiza, kyauta ne. In ranka bai kwanta ba, sannan ka nemi mai kwalba da sanin abin da kake nema.

Ranar da za ka gwada amfilifaya biyu, ka daidaita ƙarfinsu tukuna. Wadda ta fi ƙara ko da desibel 1 ne, ita kunne zai ce ta fi daɗi. Ka kunna sautin gwaji guda mara canzawa, ka auna bakin kowacce da mita har lambobin su zo ɗaya, sannan ka sa wani ya riƙa sauya maka igiyar kana ba shi baya.

Sai kuma ka kula da kunnen kansa. HD 600 a kan amfilifaya mai kyau ba ya tsiwa ko an ɗaga shi, shi ya sa mutum yake ta ƙarawa bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar saurare ga babban mutum a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Tunda bayansa a buɗe yake, ƙarar fanka da ta janaretan maƙwabta duk suna shigowa, sai hannu ya kai ga maɓalli. Ka saurare shi da dare in unguwa ta yi tsit, ka tsayar da maɓallin inda in an yi maka sallama a bakin ƙofa za ka ji.